Yadda Baƙuwa Ta Koyi Ganyen Dutse

Ranar wata Laraba, a ƙarshen kakar shekarar da zan shiga aji uku na firamare, muka sauka a tashar Utako, ni da Inna da akuyarta. Farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja kuma tana ta haɗiyar mutane daga ko'ina. Baba ya riga mu zuwa, ya kafa teburin shayi a bakin wani kamfanin fasa dutse a Mpape, ya kama ɗaki, sannan ya aiko mu taho. Yana tsaye a tashar da sabuwar hularsa lokacin da kwandasta ya sauko da akuyar daga saman kaya, ƙafafunta a ɗaure, tana kuka kamar ana yanka ta. Babu direban da ya yarda ya ɗauke mu da ita. Baba ya sunkuyo ya ce wa Inna a hankali, ga mahauta can a bakin kasuwa, a sallama musu ita a huta. Inna ta gyara mayafinta, ta tsayar da ɗan acaba da kanta, ta hau, ta ce a ɗora mata akuyar a cinya. Haka muka haura tudun Mpape, tifofi suna ta wuce mu, ni ina bayan Baba a wani babur, ina kallon kan akuyar yana leƙowa ta gefen mayafin Inna.

Sunanta Kyalla, ja ce mai farin zane a ciki kamar ta yi ɗamara. Ba ta da wani kyau na musamman, amma daga garken Iya ta fito, mahaifiyar Inna, wadda ta rasu damina ɗaya kafin tafiyarmu. A gidan su Inna, a wani ƙauye arewa da Katsina, kowace ɗiya mace takan fita da 'yar akuya daga wannan jinin, ita ma ta bai wa tata ɗiyar in lokaci ya yi. Iya ma daga hannun uwarta ta karɓa. Bayan rasuwar Iya garken ya watse, ciwo ya ci wasu, an sayar da wasu. Kyalla kaɗai ta rage, kuma da ƙaramin ciki ta zo Abuja. Inna takan shafa mata wuya ta ce da ni, "Abin da ke cikin nan naki ne, Saude, in Allah ya sa mace ce."

Ɗakinmu na langa-langa ne, a can ƙarshen unguwa inda hanyar mota ta ƙare sai ta ƙafa. Ta gabas ana fasa dutse; in rana ta take za a busa jiniya, mu kwashe shanya mu shige ɗaki, nakiya ta tashi, kwanukan Inna su yi ta kaɗawa a kan kantar da ta jera su. Ta arewa kuwa wani dutse ne daban, babba, mai bishiyoyi tun daga gindi har kafaɗa, wanda ba a taɓa shi. Gandun daji ne na gwamnati. An jera masa duwatsu masu farin fenti a matsayin iyaka, kuma akwai malamin daji, Oga Isa, mai koren kaya da tsohon keke, wanda yake zagaya shi. Dokarsa kowa ya sani: ba gatari, ba adda, ba wuta, ba garken shanu. Mata suna iya tsintar busasshen ice da 'ya'yan itacen da suka faɗo, su tsinki ganye da hannu. Awakin mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen kuwa ba ya hana su hawa, don kakanninsu suna hawansa tun kafin a zana Abuja.

Mutanen ƙauyen Gbagyi ne, mu a lokacin Gwari muke cewa. Gidan da ya fi kusa da mu na Maman Talatu ne, wata doguwar mace da ta girmi Inna, mai ɗaukar kaya a kafaɗa cikin babbar ƙwarya, ba a ka ba. 'Yarta Talatu ajinmu ɗaya, ita ce ta fara nuna mini hanyar makaranta da famfon da ba a cika layi ba. Hausar Maman Talatu irin ta garin nan ce, kowa namiji ne a bakinta, har Inna. Da safe in za ta wuce takan leƙo ta ce, "Maman Saude, ka tashi lafiya? Yaya akuyanka?" Inna takan amsa da ladabi, ta tambayi mutanen gida, daga nan ba ta ƙarawa. Ba ƙiyayya ba ce. Inna dai ba ta saki jiki da garin ba. Ba ta son ruwansa, ba ta son hayaniyarsa, kuma in ta ɗaga kai ta dubi dutsen sai ta ce itatuwansa sun yi mata yawa, ba ta san sunan ko rabinsu ba. A garinsu tana iya ƙirga itatuwan da ke tsakanin gida da rijiya: gawo, aduwa, magarya, kuka, sai dogon yaro a ƙofar masallaci.

Kyalla a ɗaure take kullum, a wani turke da Baba ya kafa bayan ɗaki. Haka ake yi a garinmu, kuma Inna tana tsoron ɓarayi da tifofi. Aikina ne kafin in tafi makaranta in share wurin, in zuba mata ruwa da ɗan kanwa, in kai mata ɓawon doya da na rogo da muke roƙa a wurin masu abinci. Da rani ya yi nisa abin ya yi wuya. Babu harawa, babu karan dawa, dusa kuma sai an yi sa'a a wurin mai injin niƙa. A cikin wannan hali Kyalla ta haihu, 'ya ɗaya, mace, ja kamar uwarta, sai dai farin nata a goshi ya fito. Inna ta yi ta hamdala. Amma nono bai wadata ba, haƙarƙarin Kyalla har ana iya ƙirgawa, sai Inna ta fara shiga gefen gandun da sassafe tana tsinko mata ganye. Baba bai hana ba, don babu wanda zai aika.

Wata safiyar Asabar cikin bazara na bi ta. Ƙasa ta bushe ƙamas, an ƙone ciyawar da ke wajen iyaka, duk itacen da muka tarar awakin ƙauye sun cinye ganyensa har iya inda wuyansu ya kai. Muna cikin zagayawa sai ga wani matashin itace a gefen wani falalen dutse, ya yi sabon toho, kore shar, rassansa sun sauko har gwiwata, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Na tuna yadda fuskar Inna ta washe. Ta ce, "Kin gani ko? Nan ma Allah ya ajiye musu nasu gawon." A garinsu gawo ne yake yin kore lokacin da komai ya bushe, shi yake riƙe dabbobi har ruwa ya sauka, don haka a wurinta duk abin da ya yi kore da rani alheri ne. Muka cika zane da ganyen, muka sauko tana 'yar waƙarta ta daka. Kyalla ta ci da haɗama, Inna tana tsugune a gabanta tana ƙara mata.

Kafin azahar Kyalla ta fara rawar jiki. Miyau yana zuba daga bakinta, ta durƙusa, ta tashi, ta sake durƙusawa. Inna ta ɗura mata kanwa, ta ɗura mata manja, ta aike ni in kira Baba. A hanyar dawowa na ci karo da Maman Talatu ta dawo daga ice, ta ga ina kuka, ta ajiye ƙwaryarta ta biyo ni. Tana shigowa ba ta dubi Kyalla ba tukuna. Ta fizge 'yar daga gindin uwar, inda take neman nono, ta miƙo mini ita ta ce in riƙe da kyau. Sannan ta ɗauki ragowar ganyen ta juya shi a hannu.

"Samberu ne," in ji ta. "A ina ka samo?"

Inna ta kwatanta mata. Ta ce itace ne mai kyau, cike da ganye, ko akuya ɗaya ba ta taɓa shi ba.

Maman Talatu ta ce a hankali, "Maman Saude, awaki nawa ne a dutsen nan? Duka suna jin yunwa. In ka ga sun bar abu, kai ma ka bar shi."

Lokacin da Baba ya iso da wuƙa, Kyalla ta riga ta mutu. Maman Talatu ta ce ko da an yanka ba a cin naman. Baba da wani maƙwabci suka haƙa rami mai zurfi don kada karnuka su tono. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta wanke zanen da muka ɗauko ganyen a ciki, ta sake wanke shi, ta shanya, ta shiga ɗaki. Da la'asar na same ta zaune a bakin gado tana kallon tafin hannunta. Ta ce, ba da ni take ba, "Da hannuna na ba ta."

Saura 'yar, wadda ba ta fara cin ganye ba. Inna ta sayo fida irin ta jarirai, Baba yana kawo madarar gari daga teburinsa, ana damawa da ruwan ɗumi. A ɗaki take kwana, cikin kwali, kusa da tabarmata. Amma madarar ba ta karɓe ta ba. Ta kama zawo, gashinta ya tashi, kukanta ya koma kamar na kyanwa. Maman Talatu ta zo ta duba ta, ta ce tana da wata baƙar akuya mai shayarwa da ɗanta ya mutu, nono har yana ɗiga. A ba ta 'yar, ta sha, ta bi garke. Inna ta tambaya ko a ɗaure baƙar take. Maman Talatu ta yi dariya ta ce su ba sa ɗaure akuya, ko da damina kora su ake yi nesa da gona, da safe su hau dutse, da yamma su dawo da kansu. Inna ta ce a'a, ta gode. Dutsen da ya kashe uwar, shi za ta tura 'yar?

"Ba dutse ya kashe shi ba," in ji Maman Talatu. "Akuya da yake ɗaure, abin da ka kawo shi zai ci, ba ya tambaya. Wanda yake bin uwa, uwa ne yake nuna masa. Kai ba ka san ganyen nan ba, to bari wanda ya sani ya koya masa."

Maganar ta yi wa Inna zafi, na gani a idonta. Washegari da sassafe ta ɗauki addar Baba ta nufi dutsen, ni ina biye da ita a guje. Ta je gindin samberun ta ɗaga addar ke nan sai muka ji ƙarar keke. Oga Isa ya jingine kekensa, ya gaishe ta kamar sun haɗu a kasuwa, ya miƙo hannu. Ya riga ya ji labari, don a teburin Baba yake shan shayi. Inna ta ce masa, me ya sa gwamnati za ta ajiye mutum yana gadin guba? Ya ce, "Hajiya, an ce in tsare dutse, ba a ce in zaɓa ba. In na bar ki kika sare wannan, gobe wani zai ce ƙaya ta soke shi, jibi wani ya ce reshe ya faɗo masa. Kuma irinsa sun fi ƙarfin addarki, suna nan har bayan dutse." Ya karɓi addar, da yamma ya mayar wa Baba da ita, ya sha shayinsa, bai ƙara tada maganar ba.

Ranar da 'yar ta kasa tsayawa da ƙafafunta, Inna ta naɗe ta a tsumma, ta rungume ta, muka shiga gidan Maman Talatu. Karo na farko ke nan da ta taka gidan. Ta ce ta kawo ta kiwo, kuma a yi yadda ake yi a garinsu: in ta rayu ta haihu, haihuwar fari ta mai kiwo ce. Maman Talatu ta ce, "Bari ya rayu tukuna, sai mu yi faɗa a kan 'ya'ya." Ta jiƙa gishiri ta shafe bayan 'yar da shi, ta tatsi nonon baƙar akuyar ta goga mata a ka da gindin wutsiya. Baƙar ta tunkuɗe ta, ta sake tunkuɗe ta. Maman Talatu ta matse wuyanta a tsakanin gwiwoyinta tana yi mata faɗa da yarensu, Talatu ta riƙe ƙafar baya, ni na kai bakin 'yar kan nono. Can sai baƙar ta waiwayo ta lashi gishirin, ta ƙara lasa. Ƙaramar wutsiyar nan ta fara kaɗawa. Maman Talatu ce ta sa mata suna. Ta ce tunda daga Katsina ta zo a ciki, sunanta Baƙuwa.

Da ruwa ya sauka Baƙuwa ta yi ƙarfi ta fara bin garke zuwa gindin dutse, Talatu da 'yan'uwanta suna kora su nesa da gonaki. Inna ta kasa zama a gida. Duk ranar da ba makaranta sai ta ce in ɗauko igiyar ice, mu bi su a baya. Ice ne dalilin da take faɗa wa Baba, amma idonta yana kan farin goshin nan. Sau da yawa Maman Talatu tana tare da mu, kuma tunda tafiya ba ta yiwuwa a yi ta shiru, Inna ta fara tambaya. Da farko tambaya ɗaya ce take yi a kan kowane ganye: yana kisa? Daga baya ta koma tambayar sunansa, da abin da ake yi da shi. Maman Talatu takan faɗi na yarensu, in ta san na Hausa ta ƙara, in ba ta sani ba mu jira Oga Isa ko matan Fulani masu tallan nono da suke ratsawa ta gefen iyaka.

A haka na gane dutsen ba abu ɗaya ba ne. Gindinsa fili ne mai ciyawa, gamba da ƙyasuwa da tofa, da kaɗanya da ɗorawa a warwatse, da kalgo da taura da gwandar daji. Nan muke tsintar 'ya'yan kaɗe da sassafe, mu shanye zaƙin mu tara wa Maman Talatu ƙwallon don mai. Nan muke yankar tsintsiyar da hedimasta yake sa kowa ya kawo ranar Litinin. In an haura, ƙasa takan ƙare sai falalen dutse mai zafi, amma ko a nan akwai masu zama: hano mai ɓawo kamar tsohuwar takarda, kukkuki da yake cusa saiwarsa cikin tsaga, da tinya mai farin ruwa wadda aka ce kada mu kuskura mu taɓa ido in mun taɓa ta. Tsakanin kafaɗun dutsen biyu kuma akwai kurmi, inda wani ƙaramin rafi yake gudu ko da rani. Da ka shiga sai sanyi ya buge ka, rana ta ɓace. Maɗaci da maje da kawo sun haɗe sama, tukurwa da gora suna bakin ruwa, malmo yana zubar da 'ya'yansa cikin rafin, igiyoyin wani tsiro mai hawa itace da ake kira ciwo sun sarƙe ko'ina. Ni da Talatu mukan yi lilo da su, mu fasa 'ya'yan ciwo mu sha har haƙoranmu su mutu, mu naɗe ƙaronsa mu yi 'yar ƙwallo. Can ƙololuwa kuwa wani shimfiɗaɗɗen fili ne mai gajeriyar ciyawa, babu itace sai jefi-jefi, iska ba ta tsayawa. Bayan ruwan fari sai furanni su fito daga ƙasa kai tsaye, wasu fari, wasu ruwan ɗorawa, wasu ja, kafin ganyensu ya biyo. Daga can ana hango gine-ginen da ake ta ɗagawa a cikin gari, da jan ƙasar sababbin tituna.

Inna ta koyi abubuwa da yawa a shekarar. Ta koyi miyar furen itacen gurjiya, har Baba ya ce ta fi ta kuka santsi. Ta koyi tonon saiwar rawaya, da bambanta ɗinyar da ta nuna da wadda tsutsa ta riga mu. Ta koyi cewa in za a ɗebi ɓawon maɗaci don zazzaɓi, ɗan kaɗan ake ɗauka ta gefe ɗaya, a shafe wurin da laka, kada a zagaye itacen. Ita ma ta koya wa Maman Talatu dambun zogale da yadda ake murza fura ta yi laushi. Ban san ranar da ta daina ce mata Maman Talatu ta koma ce mata Yaya ba. Na dai ji wata rana suna gardama a bakin rafi a kan wani ganye, Inna tana cewa, "Haba Yaya, jiya fa kika ce na ciwon ciki ne," ita kuma tana cewa, "Kunnenka ne, Bakatsine. Na ce yana kawo ciwon ciki." Suka yi ta dariya har awaki suka ɗago kai.

Amma hankalin Inna bai kwanta ba. Da damina da kaka abinci ya yi yawa, babu akuyar da za ta kula samberu. Abin da take jira shi ne bazara, lokacin da komai zai bushe, shi kuma ya yi sabon toho. Kuma a lokacin baƙar akuyar ta riga ta yaye Baƙuwa, ta ɗauki wani cikin, ba ta ƙara waiwayarta. Da zafi ya fara tsananta Inna ta ce za ta karɓo ta ta ɗaure, yanzu ai ta san ganyen da za ta tsinko mata. Maman Talatu ta ce akuyarta ce, in ta so ta ɗauka yau. Sai dai ta tambaye ta, in Saude ta tafi da ita nata gidan, ko igiya ta tsinke wata rana ba kowa a gida, wa zai tsaya mata? Inna ba ta karɓo ta ba.

Ranar da abin ya faru muna zaune mu uku a inuwar wata ɗorawa, rana ta fara zafi, garken yana tafe a hankali yana kalen busassun 'ya'yan kalgo. Sai suka karkata wajen falalen dutsen nan. Samberun yana nan yadda muka san shi, kore shar, rassansa a ƙasa. Manyan awakin suka raba hanya suka wuce shi ta dama da hagu. Baƙuwa tana baya, ita kaɗai. Ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi ganyen, ta matso.

Inna ta miƙe, ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa. Maman Talatu ta kama mata hannu.

"Zauna," in ji ta. "In ka kore shi yau, gobe ba ka nan."

"Yaya, ita kaɗai ta rage mini."

"Na sani. Zauna."

Inna ba ta zauna ba, amma ba ta yi jifan ba. Ɗaya hannun nata yana kan kafaɗata, farcenta ya shige ni. Baƙuwa ta miƙa wuya har hancinta ya kusa taɓa tohon. Ta shinshina. Ta ja da baya, ta yi atishawa, ta girgiza kunnuwa. Sannan ta juya ta bi sauran da ɗan gudunta, ta sa kai a gindin wani kalgo ta ci gaba da kale kamar ba abin da ya faru.

Tsakuwar ta faɗi daga hannun Inna. Ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Kukan da ba ta yi wa Kyalla ba, ina jin har da wanda ba ta gama yi wa Iya ba, a nan ta yi shi. Maman Talatu ba ta rarrashe ta ba. Ta ciro goro daga bakin zaninta ta ɓara, ta jira. Da Inna ta share ido, ta miƙa mata rabi ta ce, "To Bakatsine, ɗanka ya zama ɗan gari. Saura kai." Inna ta karɓi goron, tana dariya da hawaye a fuska.

Baƙuwa ta haifi tagwaye a haihuwar fari. Aka yi faɗan da Maman Talatu ta yi alkawari, Inna ta ce duka na mai kiwo ne, ita kuma ta ce ba ta san wannan doka ba, a ƙarshe suka raba. Baƙuwa ta daɗe tare da mu, jikokinta sun cika bayan ɗakinmu, kuma babu wadda ta ƙara mutuwa da ganye.

Yanzu a Kurudu nake zaune da iyalina, a gidan haya mai siminti har bakin ƙofa. Inda ɗakinmu yake a Mpape an yi benaye. Ƙauyen su Talatu ya matse, an tashi wasunsu, Maman Talatu ta riga Inna rasuwa da 'yan shekaru. Dutsen gabas an cinye shi saura rami mai ruwa. Na gandun yana nan, an zagaye shi da waya, ba mai shiga, ko mace mai tsintar ice, ko akuya. Nakan gode wa Allah da bai zama tsakuwa a bayan tifa ba, amma 'ya'yana ba su taɓa ɗanɗana 'ya'yan ciwo ba, kuma in na ce musu hano ko malmo sai su ɗauka sunayen mutane nake kira.

Inna ta rasu bana, bayan ƙaramar salla. Da jinyar ta yi tsawo, 'yan'uwanta suka zo daga ƙauye suka ce a mayar da ita gida, ko iskar can za ta yi mata. Tana kwance tana jin su, ta bari suka gama. Sannan ta ce musu ta gode, Allah ya bar zumunci, amma a bar ta a inda ta san abin da za ta tsinka da abin da za ta bari. A nan Abuja aka rufe ta, a maƙabartar da ake hango koren dutsen daga bakin ƙofarta. In na je ziyara nakan daɗe ina kallonsa. Har yanzu ina iya faɗin abin da ke tsiro a kowane mataki nasa, sai dai ba ni da wadda zan yi gardama da ita in na yi kuskure.